Yadda ake jera fitilun gaban ɗan jirgin ƙasa mai tururi irin na Ingila ba tare da an yi abin kunya ba

Ranar da na fara kai ɗan jirgina wajen baje koli na masu sha'awar haɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo a kan tebur, na sha wahala wajen fenti, na zuba kwal na gaske a taragu, har tsatsa na yi wa ƙafafun, ina ta jin kaina. Sai ga wani dattijo da ya yi aikin jirgi tun zamanin tururi ya tsaya ya daɗe yana kallo, can ya ce min ɗana wannan jirgin kwal ɗin naka sauri yake yi haka? Ban gane ba. Ashe fitila biyun da na liƙa a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu don naga sun fi kyau a haka, cewa suke yi wannan jirgin fasinja ne mai gudu a ba shi hanya. Kuma da sufa gulu na liƙa su. Toh tun daga ranar na zauna na koyi abin, yanzu inji ba ya fita layi a wajena sai na duba goshinsa.

Abin da zaka fara sawa a ranka shine waɗannan fitilu ba na haska hanya bane. A Ingila layin dogo a katange yake, direba da sigina yake aiki ba da hasken gabansa ba, shi yasa ba zaka ga ƙatuwar fitila irin ta jiragen Amurka a goshin injinansu na tururi ba. 'Yar fitilar kananzir ce mai lagwani, kuma ko da rana tsaka tana nan a rataye ko ba a kunna ba. Aikinta ta gaya wa mai sigina da ma'aikatan tasha wane irin jirgi ne ke tafe, daga inda aka rataya ta ake karantawa. Maratayi huɗu ne a gaban inji, ɗaya a sama ƙarƙashin bututun hayaki, uku a ƙasa a jere kan ƙarfen da ke ɗauke da bafa, wato farantan nan biyu masu tare karo, ɗaya saman bafar hagu, ɗaya tsakiya, ɗaya saman bafar dama. Shikenan ilimin da kake buƙata kafin mu fara.

Kayan aiki

Fitilun kansu, na sikelin jirginka, wato ma'aunin da aka rage girmansa da shi. Ni da OO nake aiki, wanda milimita 4 ke matsayin ƙafa ɗaya, faɗin layinsa milimita 16.5, shine mafi yawan abin da kamfanonin Hornby da Bachmann ke yi. A wannan sikeli fitila ba ta wuce milimita 4 zuwa 5 a tsayi, kamar ƙwayar shinkafa. Kamfanin Springside na yin na ƙarfe masu ɗan dutse mai ƙyalli a matsayin gilashi, Modelu kuma nasu suna zuwa da rami a ƙasa da zaka zura kan maratayi kai tsaye. In sikelinka N ne, wanda ya fi OO ƙanƙanta, ko O, wanda ya fi shi girma, ka tabbatar ka sayi nasu, fitilar OO a kan injin N kamar an ɗora masa bokiti take.

Sai hantsaki mai bakin tsini, reza ko wuƙar yankan roba, ɗan abin huda na hannu da bakinsa na milimita 0.5, ƙaramar filaya, burushi mafi siriri da zaka samu, fenti fari da baƙi da ja da ruwan azurfa, gilashin ƙara girma in idonka ya fara gajiya irin nawa, da abin liƙi wanda baya bushewa, Tacky Wax ko Blu Tack. Ka samo faranti ko murfin kwali mai baki ka yi aikin a ciki, kuma ka shimfiɗa farin ƙyalle a cinyarka. Wallahi fitilun da suka yi tsalle daga hantsakina suka ɓace a ɗaki sun fi waɗanda ke kan jiragena yawa.

Abu na ƙarshe kuma mafi muhimmanci, hoton injin irin naka na gaske, a shekarun da kake kwaikwayo.

1. Ka tsayar da zamani da yanki tukuna

Kar ka taɓa fitila sai ka amsa wannan. Kafin 1923 kamfanonin jirgi a Birtaniya sun yi yawa kuma da dama kowa da irin tsarinsa, a 1923 aka haɗe su suka koma manya huɗu, GWR da LMS da LNER da Southern, sannan a 1948 gwamnati ta karɓe duka aka samu British Railways. Tsarin da zan baka a nan shine na British Railways na shekarun 1950, mai haruffa daga A zuwa K, saboda shine zamanin da mafi yawan mutane ke ginawa kuma shine ya fi sauƙin samun hotuna. A 1962 an mayar da haruffan lambobi, A ta zama 1, B ta zama 2, inji shi kaɗai ya zama 0, tururi kuma ya ƙare a babban layi a watan Agusta 1968.

In injinka na Southern ne ka tsallake zuwa mataki na 6 kafin ka dawo, don su nasu daban ne gaba ɗaya.

2. Ka dubi abin da injin ke ja, sannan ka zaɓi aji

Kuskuren da na yi kenan, na dubi injin maimakon na dubi taragun. Ba girman inji ko kyansa ke ba da fitila ba, aikin da yake yi a wannan tafiyar ne. Inji ɗaya zai iya fita da safe da alamar A ya dawo da dare da alamar C.

Duk hagu da dama da zan faɗa, kai ne a tsaye a gaban injin kana kallon fuskarsa. Ka riƙe wannan da kyau domin wasu bayanan daga kujerar direba suke lissafi, sai ka ga komai ya juye, mutane da yawa a nan suke ruɗewa.

Aji A, fitila biyu a ƙasa, hagu da dama. Jirgin fasinja mai gudu wanda baya tsayawa a ƙananan tashoshi. Jirgin agaji da zai je buɗe layin da haɗari ya toshe shima wannan yake ɗauka, haka injin da zai je taimakon jirgin da ya lalace.

Aji B, fitila ɗaya tak a sama. Jirgin fasinja na yau da kullum mai tsayawa ko'ina, da na ƙananan rassa. In teburinka 'yar tashar ƙauye ce da tarago biyu, wannan ce fitilarka kusan kullum.

Aji C, tsakiya da hagu. Kayan da basa jira, kifi, madara, 'ya'yan itace, ƙunshin saƙonni, da taragun fasinja da ake kaiwa babu kowa a ciki, da jirgin kaya mai gudu wanda bututun birki ya ratsa shi tun daga farko har ƙarshe.

Daga nan sai jiragen kaya, kuma sirrin jerin nasu birki ne. A lokacin yawancin taragun kaya ba su da birkin da direba zai taka daga inji, sai na hannu, don haka iya yawan taragu masu birkin iska iya saurin da aka yarda jirgin ya yi. Aji D, sama da dama, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na taragun suna da birkin da ke aiki. Aji E, tsakiya da dama, aƙalla taragu huɗu masu birki a manne da inji. Aji F, sama da hagu, jirgin kaya mai sauri amma babu wannan birki. Aji H, sama da tsakiya, ɗaya bisa ɗaya, jirgin kaya mai wucewa kai tsaye wanda bai shiga waɗancan ba. Aji J, ɗaya a hagu, kwal da ma'adinai ko taragunsu in sun dawo wayam, wannan ce ya kamata na sa a jirgina ranar nan. Aji K, ɗaya a dama, jirgin kaya mai tsayawa tasha tasha yana ajiye tarago yana ɗaukar wani.

Aji G kuma ɗaya ce a tsakiya, inji yana tafiya shi kaɗai, ko da taragon birki, wato na mai gadi da ake sawa a ƙarshen jirgin kaya, da bai wuce biyu ba.

Fitila huɗu duka a lokaci ɗaya na jirgin sarauta ne kawai. Na sha ganin sababbin shiga sun cika duk maratayan saboda sun ga rami huɗu, toh sai dai in sarki ko sarauniya kake ɗauke da su a taragon kifinka.

In ka rasa ajin da jirgin kayanka ya faɗa, ka dubi launin taragun. A zamanin British Railways masu birkin iska ana musu fenti ja mai duhu kamar jan ƙasa, marasa shi kuma ruwan toka. Duka ruwan toka ne, ka tsaya a H ko J ko K. In akwai ja, ka matso da su kusa da inji, don birkinsu baya aiki in tarago marar bututu ya shiga tsakani.

3. Ka duba maratayan injin

Sababbin injina suna zuwa da maratayi na ƙarfe ko roba siriri a tsaye, tsofaffi kuwa wani ɗan tudu ne kawai aka zubo tare da jikin, wasu ma babu. In babu ko ya karye, ka kankare wurin da reza, ka huda da bakin 0.5, ka samo ƙaramar wayar stefila irin ta ɗinke takarda, ka yanke ta ka lanƙwasa kamar harafin L, ka sa ɗigon gam a ramin ka zura. Abin da zai fito sama kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. Ka shafa baƙin fenti. Nan kaɗai ne sufa gulu ke da izinin zuwa, kuma da bakin allura zaka ɗebo shi, in ka matsa daga kwalba zai bar farin tabo a fentin injin wanda baya fita.

Abu biyu da hoto zai nuna maka. Na GWR maratayinsu a karkace yake, gefensa ke kallonka, saboda fitilarsu ta gefe ake rataya ta ba ta baya ba, shi yasa fitilar take ɗan kaucewa daga saitin maratayin, kuma suna da wasu maratayan a gefen hagu na injin inda ake ajiye fitilun da ba a amfani da su, in ka sa ɗaya ko biyu a can abin yana kyau sosai. Na biyu, a shekarun 1960 da wayar lantarki ta yawaita a saman layi, an sauko da maratayin sama na injina da yawa zuwa gefen zagayayyar ƙofar gaba da ke fuskar injin don kada mai zuba kwal ya hau ya taɓa waya, aka kuma matsar da na tsakiya ya yi saiti da shi. In kana kwaikwayon ƙarshen zamanin tururi ka duba ko naka yana ciki.

Kar ka manta bayan injin. Taragon kwal da ruwa da ke manne da shi, ko rumbun kwal na ƙananan injina, shima yana da maratayi, domin in injin na tafiya da baya can ne gaba, can fitilun ke komawa.

4. Shirya fitilar, ko ƙera ta in babu

In ka sayi wadda ba fenti, ka soka ta a kan tsinken sakace da ɗan Blu Tack ka yi mata fari shafi biyu marasa kauri. Fari ne launin zamanin British Railways. GWR ja suke yi wa nasu har zuwa 1936 sannan suka koma fari, kuma canjin bai faru rana ɗaya ba. In ta bushe ka jiƙa burushi da ruwan baƙin fenti wanda ka tsinka sosai ka ɗan shafa, saboda fitilar da ke zaune gaban bututun hayaki ba ta zama fara fat, fara tas tana tsone ido a kan baƙin inji kamar haƙorin roba.

In wadda ka samu ba ta da rami a ƙasa ka huda mata, a hankali, kana juya abin hudar da yatsa biyu. Kar ka yi da na lantarki, zai narkar da roba ko ya fizge fitilar.

In kuma babu inda zaka saya, ana yi da hannu kuma daga nesa ba mai ganewa. Ka samo sandar roba mai kusurwa huɗu ta milimita 2, in babu ka fere sandar ashana, ka yanka guntu na milimita 3 da ɗan kai. Ka manna ɗan guntun waya a sama a matsayin hular hayaƙi, ka ciro silin tagulla ɗaya daga cikin tsohuwar wayar caja ka lanƙwasa shi rabin zobe ya zama hannu. Gilashin kuma ɗigon fentin azurfa ne a gaba da bakin tsinke, in ya bushe ka ɗora ɗigon man farce marar launi, zai taru ya yi ƙyalli kamar gilashi. Ka yi goma a zama ɗaya, huɗu zasu yi kyau, uku zasu ɓace.

5. Ɗorawa

Ɗan mitsitsin Tacky Wax a cikin ramin fitilar, kamar kan allura, ka kama ta da hantsaki ta gefe ba ta hannun ba, ka zura a maratayi ka danna kaɗan. Ka sunkuya idonka ya yi daidai da layi ka duba ta miƙe kuma gilashin gaba yake kallo. Shikenan.

Dalilin da yasa nake hana gam shine jirginka zai kai ƙarshen tebur ya juyo. Injin da ya kawo fasinja da fitila a sama, in ya saki taragun ya tafi shan ruwa ya zama G, in ya dawo ya ja su da baya fitilar ta koma bayansa. Wasu suna ganin wannan wahala ce, ni kam a nan daɗin yake, domin aikin da mai zuba kwal yake yi kenan a gaske, ya sauko ya zagaya ya canza fitila. Amma in kasan wani inji aikinsa ɗaya ne har abada, misali kullum shi ke jan kwal yana zagaye, ba laifi ka liƙa da farin gam na katako, shi in ka jiƙa yana saki.

Injin da ke aikin jera taragu a cikin tasha ko yadi nashi daban ne, fara ɗaya ja ɗaya a saman bafa, gaba da baya duka, shi wannan zaka iya liƙawa ka manta.

6. Masu nasu tsarin

Southern, da yankin kudu bayan 1948, alamar su ba irin jirgi take faɗa ba, hanyar da zai bi take faɗa, saboda layukansu a kudancin Landan sun sarƙe da mararraba, abin da mai sigina ke son sani shine ina zai juya shi. Da rana fararen faifai zagayayyu suke sawa, da dare fitila, kuma maratayinsu shida ne, an ƙara biyu a gefen ƙofar gaba dama da hagu. Don haka faifai biyu a ƙasa a injin Southern baya nufin jirgi mai gudu. A nan dole ka nemi hoton jirgin da ya bi ainihin hanyar da kake ginawa ka kwafa. Faifan ba wuya, abin huda takarda ƙarami da farin kati, da'irar kamar milimita 5.

Layin Somerset da Dorset shima ya riƙe nasa, ɗaya a sama ɗaya a kan bafa, fasinja gefe ɗaya kaya ɗaya gefen, ko jirgin mai gudu ne ko mai tsayawa. Injinan dizal na farko kuma da faifai masu naɗewa suka zo a goshi, a wurare huɗun nan dai, kuma da tsarin da na lissafa a sama ake buɗe su.

7. Jar fitilar baya

Wannan ita mutane suka fi mantawa alhali a wajen ma'aikatan jirgi ta fi na gaba nauyi. Kowane jirgi sai da fitila mai jan gilashi a bayan taragon ƙarshe. Mai sigina baya cewa layi ya buɗe sai ya ganta da idonsa, domin ita ce shaidar jirgin ya wuce cikakke bai bar rabinsa a hanya ba. In bai ganta ba ƙararrawa tara yake bugawa a jere zuwa ɗakin sigina na gaba. Ɗaya ce tak, a taragon ƙarshe kawai, in ka haɗa taragu ka bar wata a tsakiyar jirgi kuskure ne, shi yasa ita ma da kakin nan nake sa ta. Inji in yana tafe shi kaɗai shima sai da ita a bayansa.

Jirgin kaya marar birkin iska yana ƙarewa da taragon birki, shi kuma bayan ta bayan yana da ƙarin biyu a gefe, masu nuna ja ta baya fari ta gaba, direba na waiwayowa ya gansu ya san wutsiyarsa na biye.

8. In kana so ta kama da gaske

Ba dole bane, ni rabin injinana ma basu da wuta. Amma in zaka yi, DCC Concepts na sayar da masu wuta a ciki, ko ka sayi ƙwan LED mafi ƙanƙanta mai waya a jiki, fari mai ɗumi wanda ya ɗan yi rawaya, kar ka sayi mai shuɗi shuɗi. Ka huda ƙaramin rami a bayan maratayi ka wuce da wayar ciki. Kada ka taɓa haɗa ta da wuta babu rizisto, ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, nan take zata ƙone. Da rizisto mai 1k ake farawa a kan bolt 12 amma hasken yana yawa sosai, ni ina kaiwa 10k ko fiye, fitilar kananzir ce, a ɗaki mai haske da ƙyar ya kamata a ganta. Ka fara shafa wa jikin baƙin fenti kafin fari in ba haka ba duk jikin zai riƙa haske kamar kyandir.

Matsalar mai wuta ita ce ta zauna kenan, ba canzawa. Don haka ka zaɓi injin da aikinsa baya canzawa, ko ka fara da jar fitilar taragon birki, can akwai fili a ciki har ƙaramin batir zai shiga, kuma in ka kashe wutar ɗaki ita ce ake bi da ido har jirgin ya shige rami.